Yadda Muka Goge Takardar Bature

Takardar yanzu ba ta da murya. Na tabbatar da haka kwanan baya, da jikata mai karatu a sakandare ta shigo gida da aikin zane da aka ba su a makaranta. Ta tsaya a wani shago a bakin titin Sakkwato, an zaro mata falle goma daga cikin leda, ta naɗe su ta cusa a jaka, ta hau babur ta taho. Ba ta shafa ba, ba ta ɗaga wa rana ba, ba ta tambayi inda aka yi ta ba. Na karɓi falle ɗaya na kaɗa shi kusa da kunnena, sai ta kwashe da dariya ta ce, "Alhaji, labarai kake nema a ciki?" Na miƙa mata takardarta. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, domin na lissafa na ga duk waɗanda suka san abin da nake saurare sun riga mu gidan gaskiya. Idan ni ma na tafi ban rubuta ba, shi ke nan. Saboda haka zan faɗi abin da ya faru daki-daki, yadda ya faru.

A gidan da na tashi, takarda ba abin wasa ba ce. Mahaifina ya rasu ina goye, ƙanensa ya ɗauke ni. Shi nake kira Baffa, matarsa kuma Inna. Baffa marubuci ne a nan Tambuwal. Yana kwafe wa mutane littattafai da hannu, yana kuma yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyana da tawada ja da rawaya da kore. Ƙarar da na fi sani a ƙuruciyata ita ce ta alƙalamin kara yana tafiya a kan takarda daga hantsi har azahar, sai kuma gyaran muryarsa sau biyu idan ya kai ƙarshen shafi. Aikina uku ne kowace safiya: in jiƙa ƙaro, in tace tawada da tsumma, in share zaure ba tare da tsintsiya ta kusanci buzunsa ba. Idan guntun takarda ya faɗi ƙasa, ko babu rubutu a kansa, sai a ɗauka a soke a jinka. Yau da takardar jarrabawar yara ake naɗe tsire, kowa ya ci ya yar a kwata, ba wanda gabansa ke faɗuwa.

Idan fatake suka kawo takarda kasuwa, Baffa ba ya saye sai ya bi matakai huɗu, kuma ba ya tsallake ko ɗaya. Da fari zai kama falle ta kusurwa ya kaɗa a kunne. Mai kyau tana da amo mai kauri, irin na rigar da ta fito daga mabuga. Na biyu zai ɗaga ta ga rana ya duba tambarin da ke cikin jikinta, kuma wadda ya fi so ita ce mai hoton jinjirin wata guda uku. Na uku zai taɓa kusurwarta da harshe. Idan ta kama harshe, to mashayiya ce, za ta shanye tawada rubutu ya baje. Na huɗu zai ɗan yagi bakinta ya ga ko akwai gashi-gashi a wurin yagar. Idan ta ci waɗannan, sai a kawo ta gida a goge. Yana da wani baƙin dutse mai santsi, girman ƙwan zabo, wanda ya gada. Zai shimfiɗa falle a kan katako, ya goga dutsen a goshinsa don ya ɗebi ɗan maiƙo, sa'annan ya bi takardar da shi ciki da baya har ta riƙa ƙyalli. Maganarsa kullum ita ce, takardar da ba a goge ba ɗanya ce, kuma ba a miƙa wa babban mutum ɗanyen abu.

Ni kuwa an kama ni an sa elemantare. Shekara huɗu na yi, ban wuce nan ba, amma sun isa Baffa ya riƙa kirana ɗan boko har ya bar duniya. Bayan na yi aure na sami aikin lebura a gandun daji na Kebbe, kuma saboda na iya rubutu aka ba ni riƙon littafin sunayen leburori. Aikin na damina ne kawai. Da an gama dashe sai a sallame mu, mu koma jiran wata shekara, ba mu san ko za a sake kiranmu ba. A bayan wannan littafi nake zana ganyaye da fensir duk lokacin da ruwa ya tsare mu a rumfa. A shekarar ana ta maganar mulkin kai. Turawa na haɗa kaya, ana cewa kowane ofis sai an sa ɗan Arewa. Mu dai ji muke yi, ba mu ɗauka abin zai iso dajin Kebbe ba.

Tsakiyar damina Baturen daji ya zo rangadi. Dogo ne mai jan wuya, yana jin Hausa, amma a hankali yake ajiye ta, kalma bayan kalma. Yana duba littafin sunaye sai ya juya baya ya ga zanena. Na ɗauka zai ce na ɓata littafin gwamnati. Ya daɗe yana kallo, sa'annan ya ce in same shi masauki. Can ya gaya min abin da yake so. Akwai itatuwa shida da doka ta hana sara: ɗorawa, tsamiya, maɗaci, gawo, ɗinya da kaɗanya. Mutanen ƙauye sun san itatuwan sarai, amma ba su karanta takardar doka. Yana son hoton ganyen kowanne da launinsa, wanda za a riƙa ɗaga wa mutane a dandali. Ya ce mu uku ya ba wannan aiki a lardin, kuma wanda nasa ya fi shi za a tura kwas a mai da shi malamin daji na dindindin. Ya ba ni ɗan akwatin kwano mai launuka a jere kamar ƙananan sabulai, da buroshi biyu. Ya nuna min sau ɗaya yadda ake jiƙa buroshi a ruwa a shafo launi. Daga nan ya buɗe wata jaka ya ƙirga min falle shida.

Ya ce, "Daga ƙasarmu ta zo. Babu wata. Itace shida, takarda shida. Bayan kwana ashirin zan sauka barikin Tambuwal. Ka kawo."

Matata na da ciki wata bakwai, tana gida wajen Inna. Ba sai an gaya min abin da aikin dindindin yake nufi ba. Na sa takardun tsakanin katakai biyu, na naɗe da fata, na ɗaure da igiya sau uku. Kwana biyu na yi a hanya. Gulbi ya kawo, sai da masu fito suka tsallakar da ni a kan gora, ƙafafuna cikin ruwa, hannu ɗaya riƙe da ƙunshin a kaina. Mai fito na ta cewa in saki jiki, ni kuwa duk tunanina ɗigo ɗaya ne. Na iso Tambuwal takarda ba ta jiƙe ba, na yi wa Allah godiya, na ɗauka mai wuyar ta wuce.

Washegari na kwance ƙunshin a gaban Baffa. Ya ɗauki falle ya kaɗa a kunne, ya gyaɗa kai; amon ya yi masa. Ya ɗaga wa rana, kaurinta ya hana haske ratsawa sosai. Ya taɓa da harshe, ba ta kama ba. Sai ya shafa ta da tafin hannu, nan fuskarsa ta canja. Takardar na da kaushi kamar harshen saniya. Ni ma tun a Kebbe na ji wannan kaushi, ya dame ni, amma ban tambayi Baturen ba.

Ya ce, "Ɗan boko, wa yab ba ka wagga?"

Na ce, "Baturen daji, Baffa."

Ya ce, "To ɗayan biyu na. Ko dai an cuce shi, an sayar mai da takarda ba a ƙare ta ba. Ko kuwa gwada ka shika yi, shi gani in ka tashi gidan da anka san takarda."

Maganar gwaji ita ta shiga raina. Na tuna yadda Baturen ya ƙirga su yana kallon idona. Na ce lalle haka ne, sauran biyun za su zana a kan ɗanyar takarda, ni kuwa in nuna gidan da na fito. Baffa ya sa aka ɗauko dutse. Inna ta zo wucewa da ƙwaryar gero, ta tsaya a bakin zaure.

Ta ce, "Malam, ku bar guda mana yadda taz zo, har a ga kamun abin."

Ya ce, "Ke da ba ki taɓa riƙa alƙalami ba. Ji da tukunyarki."

Ta ce, "Tukunyar tawa ma ba ni zuba mata gishiri duka sai na ɗanɗana."

Ta wuce. A nan ya kamata in buɗe baki, kuma ban buɗe ba. Ba tsoron Baffa kaɗai ya hana ni ba, har da halina. Ni mutum ne da ba na son a fara mataki na biyu ba a gama na farko ba. A ganina guga aiki ne guda, zane aiki ne guda, a ƙare wancan tukuna. Ni na danne masa kusurwoyi, shi yana guga. Takardar na da taurin kai, sai da ya yi ta kai dutsen goshi, gumi na zubo masa. Kafin azahar duk shidan sun kwanta, ciki da baya, suna ƙyalli kamar tangaran. Baffa ya jera su ya ce, "Yanzu tak koma takarda."

Da safe na je bayan gari na karyo reshen kaɗanya. Na zana shi da fensir, ya fita yadda nake so. Na jiƙa buroshi, na shafo kore, na ja a kan ganyen farko. Launin bai zauna ba. Ya tattaru ƙwaya-ƙwaya kamar ruwa a ƙwaryar da aka shafa wa mai. Na sake ja, ya sake tattaruwa. Na rage ruwa na danna buroshi, wani wuri ya kama, wani wuri ya ƙi. Duk da haka na daure na kai ƙarshen hoton, ina fatan idan ya bushe zai gyaru. Da ya bushe, kowane ganye ya fito da ɗigo-ɗigo, wani baƙi-baƙi, wani fari tas.

Baffa ya duba ya ce laifin tawadar Bature ne, ba ta da ƙaro. Muka zuba ƙaro a launin muka gwada a falle na biyu, ya yi danƙo, da ya bushe ya tsattsage. Na wanke na uku da ruwan toka don in cire maiƙon, fatarta ta saluɓe. Na juya bayan na huɗu, sai na tuna marubuci ciki da baya yake rubutu, don haka ciki da baya muka goge. A nan na tsaya. Saura kwana goma sha huɗu.

Yanzu idan yaro ya ɓata takarda, sai ya dunƙule ya jefar ya zaro wata, ko juyowa ba ya yi. A lokacin duk Tambuwal wuraren da za ka sami takarda ba su fi uku ba, kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na fara da malamin elemantare, ya yago min tsakiyar littafin rubutu. Ga layuka, kuma buroshi na uku ya huda ta. Na je wajen akawun hakimi, na durƙusa, ya ba ni falle biyu na takardar ofis yana ta ja min kunne. Fara ce sol, na yi murna, amma da na taɓa ta da harshe ta kama, kuma haka ta shanye koren ya koma kamar miyar kuka ta kwana. Ran kasuwa na karɓi jar takardar da ake naɗe kaya a kanti. Ita ta jure ruwa, sai dai duk launin da na sa mata ƙasa-ƙasa yake komawa, ba a bambanta ganyen gawo da na maɗaci. Kowace na kaɗa, na ɗaga, na lasa, na yaga, na ɗiga mata ruwa, na rubuta sakamakon a bayan hannuna da gawayi don kada in rikice.

Abinci ya fita kaina. Idan na ji ƙugin mota a hanyar Sakkwato sai in ce ko Baturen ne ya gaggauta, alhali motar a mako ba ta fi sau biyu wucewa ba. Ina ta shirya abin da zan faɗa masa. In ce gulbi ya cinye? Ƙarya ce, kuma masu fito sun gan ni na tsallake da kayana a bushe. In ce Baffa ne? Mutumin da ya riƙe ni tun ina goye, in kai sunansa gaban Bature? Matata ba ta tambaye ni komai ba, sai dai idan ta kawo fura ta ajiye ta ɗan tsaya kafin ta tafi, kuma wannan tsayuwar ta fi tambaya ciwo. Baffa kuwa kwana huɗu bai ta da maganar ba. Yana zaune a buzunsa yana rubutu, amma na lura ya daina gyaran murya a ƙarshen shafi.

A rana ta biyar, bayan mun dawo sallar asuba gari ya waye, ya kira ni ɗakinsa. Ya jawo wata tsohuwar gafaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai takarda mai tambarin wata guda uku, ta zamanin da fatake ke kawo ta a kan raƙuma, wadda ta daina zuwa kasuwa tun ina elemantare. Ba a goge ta ba. Ya ajiye ta ne don zayyanar da ba ya yi wa kowa sai wanda ya isa. Falle shida suka rage da wani guntu.

Ya ce, "Babu mai rai cikin abin da za ka zana?"

Na ce, "Ganye na, Baffa."

Ya ce, "Ganye ba komi. Tunda tawadar Baturenka ɗanye taka so, ga ɗanye. Ɗauki ka ba ni wuri."

Na gwada a guntun. Koren ya kwanta lumui, ya bi buroshi duk inda na kai shi, har jijiyar ganye ta fito. Na kusa yin kuka. Amma takardar siririya ce, tana jin ruwa sai ta kumbura ta yi tudu da kwari kamar kunyar gona, launin ya gangara ya taru a kwarin. Na kai wa Baffa. Ya juya guntun a hannu, ya ce wannan ba sabon ciwo ba ne, haka littafi ke yi idan ɗaki ya yi yoyo, kuma ya sha gyara irinsa. Ya sa aka aro manyan alluna uku. Ya tsara min aikin: a shafa wa takarda ruwa da tsumma har ta saki jiki, a shimfiɗa ta a kan allo, a liƙe bakunanta huɗu da ƙaro da siraran ƙyallaye, a jingine a inuwa har ta bushe. Idan ta bushe za ta ɗame kamar fatar kalangu, sai a yi zane. Idan an gama, a sake barinta ta bushe kafin a yanke. Ya maimaita sau biyu: a inuwa, ba a rana ba, ba kusa da wuta ba.

Haka aka yi, kuma ya yi. Sai dai damina ce, iska a jiƙe take, kowane falle sai ya ci kwana kafin zane, ya ci kwana bayan zane. Na fara da ɗorawa, sai tsamiya, sai maɗaci. Ganyen tsamiya ƙanana ne, na yini guda ina ɗiga su har idona ya riƙa ganin biyu-biyu. Na yi gawo, na yi ɗinya. Kaɗanya na bari ƙarshe domin ina jin tsoronta. Na gama ta saura kwana uku, kuma ita ta fi duka kyau, don hannuna ya riga ya saba. A daren aka tsuge da ruwa, aka wuni ana yi. Na taɓa takardar da bayan yatsa, sanyi ƙalau. Ran jajibirin zuwan Bature da hantsi rana ta fito. Na dubi allon, na dubi ranar. Na ce ɗan lokaci kaɗan ba zai yi komai ba. Na fitar da shi tsakar gida na jingine a jikin rumbu, na shiga shan ruwa.

Ina cikin ɗaki na ji tas, kamar an karya kara. Na fito na tarar ta tsage daga sama har ƙasa, ta tsakiyar reshen, bakunan tsagar sun naɗe. Inna ta ajiye taɓarya ta riƙe haɓa. Baffa ya fito daga zaure, ya tsaya a kan allon, ya daɗe.

Ya ce, "Wagga kam ba ni na ba."

Ya koma ciki. Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan game da gugar da muka yi, kuma na fahimce shi.

Babu sauran takarda, babu sauran lokaci. Kaɗanyar da nake da ita kaɗai ita ce ta farko, mai ɗigo-ɗigo, a kan takardar Bature da muka goge. Na sa ta a ƙarƙashin biyar ɗin, na ɗaure.

Barikin yana bayan gari, ɗaki ne na jinka mai baranda. Na isa tun da sassafe na tsaya a gindin bishiya har Baturen ya gama karin kumallo. Ya sa aka fito da tebur. Na kwance ƙunshin. Ya ɗauki ta farko, ya murza bakinta da yatsu biyu, ya ɗaga kai ya dube ni. Ya jera duk shidan. Daidai lokacin wata tsohuwa ta shigo da dammin itace a ka, ta kawo wa kukunsa. Ya sa aka kira ta. Ta sauke kaya, ta matso tana gyara zane, tana kallonmu da zargi.

Ya ce, "Tsohuwa, wannan wane itace?"

Ta ce, "Ɗorawa mana. Wanga shi ad dalilin da anka tsai da ni?"

Ya nuna na biyu, ta ce tsamiya. Maɗaci ta ɗan karkata kai kafin ta faɗa. Gawo da ɗinya ko tsayawa ba ta yi ba. Ya tura mata ta shida. Ta sunkuya, ta ja baya, ta sake sunkuyawa.

Ta ce, "Kaɗanya ta. Amma wagga agana tac ci ta, dubi zanzana. Wa yay yi ta?"

Kuku ya nuna ni da baki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Allah shi ba ta lafiya, ɗana." Ta karɓi kuɗin itacenta ta tafi.

Baturen bai yi dariya ba. Ya ɗauki ta shidan ya shafa, ya karkata ta ga haske tana ƙyalli, ya sake shafawa, ya juya bayanta. Ya fi minti biyar a kanta.

Ya ce, "Wannan takardata ce?"

Na ce, "Ita ce, ranka ya daɗe."

"Me ya same ta?"

Duk abin da na shirya ya gudu. Sai na faɗa masa a jere, yadda na iya. Na ce da fari na ji tana da kaushi. Na biyu, a gidanmu ba a aiki da takarda sai an goge ta da dutse, don haka na goge, duka shida, ciki da baya. Na uku, launi ya ƙi zama. Na huɗu, na nemi wata takarda na gwada iri uku ba su yi ba, sai ta marubuta. Na biyar, na yi kaɗanya mai kyau, na sa ta a rana don gaggawa, ta tsage. Ban ambaci Baffa ba.

Ya ce, "Kaushin shi ne ke riƙe ruwa. Don shi ake sayenta." Sa'annan ya ɗauki ɗorawar ya ce, "Wannan siririya ce. Yaya ba ta kumbura ba?"

Na gaya masa maganar allo da ƙaro. Ya tambaya wa ya koya min, na ce a gida na gani. Ya buɗe littafinsa ya yi rubutu mai tsawo, ni ina tsaye ina kallon alƙalaminsa. Da ya gama ya karanta min. Ya rubuta cewa na lalata takardar gwamnati falle shida. Ya rubuta cewa tsohuwa ta gane itace shida cikin shida. Ya ce sauran biyun takardarsu lafiya lau take, amma ɗaya an gane masa huɗu, ɗaya uku. Ya ce in je Sakkwato kwas bayan kaka. Wancan layi na farko ya bi ni cikin fayil har na yi ritaya, duk sabon shugaban da ya zo sai ya karanta ya tambaye ni, kuma bai taɓa daina sa ni jin kunya ba.

Na dawo gida. Na fara gaya wa Inna da matata a tsakar gida, Inna ta yi guɗa ɗaya gajeriya ta koma kan dakanta. Sa'annan na shiga zaure na durƙusa. Baffa na rubutu, bai ɗago ba har ya kai ƙarshen layi.

Ya ce, "An ɗauke ka?"

Na ce, "An ɗauke ni, Baffa."

Ya ce, "Madalla." Ya tsoma alƙalami a tawada, ya tsaya da shi a sama. "Cikin shidan, wacce yaf fi daɗewa yana dubi?"

Ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce, "Wadda munka goge."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "To ka gani."

Na ce, "Na gani, Baffa."